Raken da Na Noma Ban Sani Ba

Jiya na gano ashe ni manomin rake ne. Shekara talatin ina shuka alkama a gonar gado, ban san kaina ba sai da hukuma ta faɗa mini.

Kun dai ji a rediyo, Mai Girma Uban Manoma ya yanka wa alkama farashi mai tsoka, har ya ce bana kakarmu ta yanke saƙa. Sharaɗin guda ne: ba a sayen ko ƙwaya sai cikin buhun gwamnati mai hatimi. Kwana huɗu ina layin karɓar buhu, alkamata jibge a masussuka, hadari yana ta haɗowa. Da na kai bakin taga, akawu ya buɗe littafin gonaki, ya nemo sunana.

"Allah Ditta ko? Ai kai rake ka shuka, ba ka da buhun alkama."

"Sahib, ranka ya daɗe, dubi ƙaiƙayi a rawanina."

"Ƙaiƙayi ba shaida ba ne. Jami'i ya duba gonarka ya rubuta."

Ya duba kuwa, Allah ya ƙara masa gani. Daga bencin mai shayi ya leƙa gonakin ƙauye bakwai, ko takalminsa bai yi ƙura ba.

A hanyar gida na tarar da maƙwabcina Kawu Karam Din yana zuƙar lofe. Ya ce, "Gode wa Allah, ɗana. Ni tafki aka rubuta mini. Jira nake su zo karɓar harajin kifi."

Gyaran littafi wai sai wata biyu, ruwan sama kuwa ba ya bin layi. Matata Bashiran ta dubi sama ta ce, "Ko ka sayar yau, ko mu ci tsiro." Na kira Malik Sarfaraz dillali, ya yi tayin wulaƙanci, wai jirgin alkamar waje ya iso. Mai Girma ne ya yi odarta daidai kaka, don kada girman kai ya kama mu. Na sallama, ido na ƙwalla.

Sai ga motarsa ta sauke buhuna sababbi fil, kowanne da hatiminsa. Mutumin da ba shi da gona ko faɗin faranti, littafi ya shaida ya noma eka ɗari. A gabana aka ɗure gumina, aka nufi rumbun gwamnati da shi.

Mai neman rake da araha ya zo wurina. Sai dai ya biya ta wajen akawu, don a littafinsa kaɗai raken yake tsirowa.