Sunan Aikin Sumana

"…da gajiyar hanya? Ko yawon gidajen mutane ba ya gajiyar da kai?"

Jibo ne ke tambayar jikansa Sumana, wanda ya durƙusa gabansa a ƙofar gidansu a Doso. Gobe tsohon zai ja tawagar nema masa auren Hamsatu, kuma mahaifinta ba ya ba marar sana'a 'ya. Shi kuwa Sumana, tun da ya dawo daga karatu a Abijan, gida-gida yake bi yana yi wa mutane tambayoyi a madadin ma'aikatar lafiya.

"Tsoho, in sun tambaye ka aikina, me za ka ce?"

"Gaskiya mana. Magulmacin gwamnati."

"Mai bincike ake cewa!"

"Wa ka taɓa kamawa? Jiya an gan ka kana tambayar matar liman sau nawa suke cin nama. Kare ma leƙa tukunya kawai yake yi, ba ya tambaya."

"Kai da haƙoranka suka yi hijira, ina ruwanka da nama? Da irin tambayar nan ake gane unguwar da yara ba sa ƙoshi."

"To, zan ce maroƙi ne wanda ba a ba shi komai. In suka hana ka, ni sai in aure ta. Na fi ka kyan wuya."

Sumana ya san tsohon zai iya faɗin haka a gaban surukai. Ya gyara zama.

"Makon jiya wa aka gani a unguwar su Hamsatu, ƙofa-ƙofa da sanda?"

"Zumunci na je."

"Zumunci ne ya tambayi mai kanti ko ubanta na da faɗa? Ya tambayi ungozoma ko akwai hauka a danginsu? Har rumbunsu ka ƙwanƙwasa ka ji ko da gero!"

"Kai, yaro! Wannan bincike ne, aikin manya. Ba a ɗaura aure da ka."

"Wanda ya yi shi fa, me sunansa?"

 Sai dariya ta ƙwace wa Jibo har da tari.

"Ashe har Abijan aka kai ka koyon abin da nake yi da goro ɗaya!" Ya ɓare goro ya jefa masa rabi. "Ungo, abokin aiki. Zan ce gadona ka yi."