Ni Ba Na Son Ƙanƙarar Inji

Wata Lahadi a Disamba, da ƙarfe huɗu na yamma, muna falonmu a Greensboro, Amurka: ni, da matata Hadiza, da yayanta Sani. Hadiza ta samu hutun kwana uku da ƙyar, za mu zaɓi ɗaya cikin wurare biyu na wasan zamiya a dusar ƙanƙara.

Yaya Sani ya ce, "Ku je na farkon. Inji ke yi musu ƙanƙara, ba ta yankewa."

Nan take hankalina bai kwanta ba. A kasuwar Kano na tashi, na san jabu. Ƙanƙarar inji? Kuma me ya sa yake nacewa?

Na ce, "Yaya, ni ba a sayar mini da jabu. Na biyun za mu, wajen ta Allah."

Ko waya ban buga wa wurin ba. Bayan tafiyar awa huɗu muka tarar da dutse da busasshiyar ciyawa, babu ƙanƙara ko kaɗan. Hadiza, cikin riguna uku, ta dube ni kawai.

Shekara biyu ke nan, Yaya Sani ba ya sa mini ƙanƙara a lemo sai ya tambaya: "Alhaji Orijinal, ta firji ce fa. In sa?"