Ranar da Aka Dasa Waya a Sumar Nemani

"...Lafiya lau na tashi, tavale, sai ganinka da ya zo ya ɓata mini ranar. Shigo, amma ka sunkuya, kada kurmin nan na kanka ya tafi mini da ƙofa."

"Ji tsohuwa! Ke kika aiko a kira ni ko ni na kawo kaina?"

"Wayarka na aika a kira. Kai rakiya ka yi mata."

Lahadi ce, ba a daɗe da tashi daga coci ba a ƙauyensu na bakin teku da ke tsibirin Koro, a Fiji. Ulamila ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta ɗora kwamfutar da 'yarta Torika ta aiko mata a kan akwati, ko farar rigar cocinta ba ta tuɓe ba. Nemani ɗan kawunta ne, taubashinta, abin da a nan ake kira tavale. A gaban jama'a shi ne kakakin sarkin ƙauye, dogo, da suma a tsaye wadda ke shan man kwakwa kowace safiya. Ita kuwa tun rasuwar mijinta maganarta ta ragu ƙwarai. In ka ji muryarta ta tashi, to Nemani yana kusa.

Yau a can Mildura ta Ostiraliya, inda Torika da mijinta suke aikin tsinkar inabi, za a yi wa jaririnsu baftisma, kuma sunan marigayin aka ba shi: Peniasi. Torika ta ce za ta riƙe waya a cikin coci don uwarta ta gani kai tsaye. Idon Ulamila ya daina ganin abin da ke fuskar ƙaramar waya, sai dai kwamfuta. Kwamfutar kuma ba ta samun intanet sai an jona ta da waya, tata wayar ta tsufa, ta Nemani ce sabuwa. Abu ɗaya take so: ta ga ruwa ya taɓa goshin yaron, ta ji an kira sunan da kunnenta.

Nemani ya zauna ya harɗe ƙafa, ya zaro wayar daga aljihu kamar mai fito da amarya.

"Kalle ta da kyau. Wannan, kafin ki ce amin ta je babban birni Suva ta sayo burodi ta dawo."

"In ta gado ka, sai ta tsaya shan jiƙon saiwar yangona a kowane gida a hanya."

"Miƙo igiyar. Yaron shagon da na saya ya ce jonin igiya ya fi na iska gudu."

"Shi yaron shagon ya taɓa zuwa Koro?"

"Me zai kawo shi? An gaya masa kina nan."

Suka jona. Wata 'yar da'ira ta fito a tsakiyar kwamfutar tana ta juyi, tana ta juyi. Ulamila ta naɗe hannu ta zuba mata ido.

"Wannan ce ta tafi Suva?"

"Tana ɗaura zane ne. Ke ma kafin ki fita sai an buga gangar coci sau biyu."

Can sai ga fuskar Torika ta bayyana. Ta ce, "Inna, kina ji..." sai ta daskare, baki a buɗe, ido ɗaya a rufe.

"Ka ga abin da wayarka ta yi wa 'yata? Ta shanya mini ita kamar kifi a kan tire."

"Gado ne. Haka kike yi in kin hango tukunyar wani."

Ulamila ta leƙa fuskar wayar da kyar. Karan sabis ɗaya ne tak, shi ma yana zuwa yana tafiya.

"Igiyar taka ta fi gudu, amma ta ɗaure wayar a ƙasa inda babu komai. Gajeruwa ce kamar haƙurinka. Cire ta, ka bar su su yi magana ta iska."

"Yanzu kuma ke ce injiniya? Matar da ta taɓa sa rediyo a rana wai batir ya ji ɗumi?"

"Ai ya yi magana bayan nan."

Ya cire igiyar yana gunaguni, ya latsa abin da zai latsa, ya kai wayar taga. Murya ta dawo, amma a gutsure. Waƙar yabo ce ake yi a can, tana fitowa gaɓa-gaɓa kamar mai shaƙuwa. Ulamila ta gane waƙar. Ita ake yi kafin a kawo jarirai gaba.

"An kusa, tavale. Ina yaran nan suke rataye wayoyinsu in suna son kallon ƙwallo?"

"Can ƙololuwar mangwaron bayan coci."

"To?"

"To me? Ranar Lahadi? Ni da bakina na yi shela cewa duk wanda aka gani a kan bishiya ranar Ubangiji, shi zai nome filin coci shi kaɗai. Sai kuma a ɗaga kai a ga kakakin sarki yana lilo a reshe?"

"Da ma ba so nake ka hau ba. Ba zan sayi kallo da zunubi ba, ko da zunubinka ne, da yake ya riga ya yi yawa."

"Kan tudu fa?"

"Da gwiwoyin nan naka? Kafin mu isa yaron ya yi gemu."

Nemani ya fita, ya tsaya a kan dakalin dutsen ƙofar gidan, ya ɗaga wayar sama yana juyawa a hankali. Da ya fuskanci teku, daidai ratar da ke tsakanin bishiyoyin kwakwa biyu, sai waƙar ta zubo gaba ɗaya, tas, kamar a ɗakin ake rera ta. Hoton ya washe. Ga bencina, ga furanni, ga mijin Torika cikin farar riga yana share gumi.

"Tsaya nan! Kada ka motsa!"

"Kin gani? Na ce miki waya ce ta manya."

"Hannu ne na manya. Yau dai tsawonka ya yi amfani, ban da tsinko gwandar mutane."

Ba a je ko'ina ba hannun ya fara gajiya. Yana sauka kaɗan-kaɗan, hoton yana kakkaryewa. Ya canja hannu. Wancan ma ya gaji. Ya gwada ɗora wayar a bakin rufin kwano, kwanon ya ɗau zafin rana, ga gangara, ta zame ya cafe ta a iska.

"Kafaɗata ta mutu, Ulamila. Wayar ma ta yi zafi kamar rogon da aka tsamo daga tukunya."

"Mutumin da yake cewa shi kaɗai ya jawo kifin da ya fi kwalekwale tsawo?"

"Lokacin ina cin abincin matata. Yau tun safe ko shayi ba ki ba ni ba."

Ita dai ba ta ɗauke ido ba, tana duban hannun, tana duban kwamfutar. Ta lura da wani abu. In wayar tana daidai saman sumarsa, komai yana tafiya. Da ta sauko zuwa kunnensa, sai a daskare.

"Tavale."

"Na'am, masifa."

"Ba sai ka ɗaga hannu ba. Daidai tsinin sumarka sabis ɗin yake wucewa. Soka ta a ciki."

Nemani ya juyo gaba ɗaya, hoton ya mutu.

"A ina?"

"A suma. Ai za ta riƙe. Na taɓa ganin fensir ya ɓace a ciki tun muna makaranta, har yau ba a same shi ba."

"Kaina? Kin san abin da kike faɗa kuwa? Matata ma sai ta ce tulou, ta nemi gafara, kafin ta gifta ta bayana in ina zaune. Jikokina da rarrafe suke wucewa. Ko wanzami bai taɓa kan nan ba sai da ya nemi gafara. Shi za ki mayar turken waya?"

"Ni na san kan nan tun yana da ƙwarƙwata. Gwaggonka, uwata, ita take cire maka, ni nake riƙe fitila."

"Ƙarya kike, yashi ne!"

"Yashi mai ƙafafu."

"Dubi fili, ke! Duk gari yana zaune a inuwa ana jiran abinci. Gobe in tashi yin magana a gaban sarki, wa zai saurare ni? Sai dai a ce, ku yi shiru, eriya za ta yi jawabi."

Ya sake ɗaga hannun da ƙarfin hali. Hoton ya dawo na ɗan lokaci. Fasto ya karɓi jaririn daga hannun uban, naɗe cikin farin zane, ya miƙa hannu cikin kwanon ruwa. Nan hannun Nemani ya faɗi, nan hoton ya tsaya: yatsun fasto a cikin ruwa, fuskar yaron a juye. 'Yar da'irar nan ta dawo tana juyi.

"To ga shi nan, faston naku ma ya tsaya wanke hannu. Ko shi ma danginku ne, ba ya son aiki?"

Nemani ya kasa kunne.

"Tavale? Na ce danginku ne."

Ya leƙo ta ƙofa. Tana zaune a inda take, ta haɗa tafin hannu a cinya, leɓɓanta suna motsi. Ba ta ɗago ba.

"Bar shi, Nemani. Sauke hannunka ka huta. Torika za ta ba ni labari."

Tun suna yara bai taɓa jifanta da magana ta faɗi ƙasa ba a rama ba. Shi ya riƙe wa Peniasi kwalekwale ranar da ya zo neman aurenta, shi kuma ya fara zuba ƙasa a kabarinsa. Sai ya durƙusa a kan dakalin, ya sunkuyar da kai.

"Zo ki sa da kanki. Hannuna ba zai yi wannan aikin ba. Kuma ki yi sauri kafin hankalina ya dawo."

Ta taso da sauri har tana tuntuɓe da tabarma. Ta tsaya a gabansa, ta tafa hannu a kwarmaye yadda ake yi wa manya.

"Tulou, ɗan kawuna. Tulou."

Ta soka wayar a tsakiyar sumar. Wayar ta zauna daram. Nemani ya miƙe a hankali kamar mai ɗauke da tulu cike, ya fuskanci teku, ya saki hannuwa.

Kafin ta koma mazauninta muryar fasto ta cika ɗakin. Ruwa ya gangaro a goshin yaron, ya yamutsa fuska, ya callara kuka. Aka kira sunan, sarai, babu gutsurewa: Peniasi. Ulamila ta ce amin a hankali, ta sake cewa, hawaye yana sauka a kan farar rigarta ba ta share ba.

A fili kuwa hira ta tsaya cak. Wata tsohuwa ta rufe fuska da mafici, kafaɗunta suna rawa. Nemani bai ko ƙifta musu ba.

"Me ake yi yanzu? Ni teku kawai nake gani."

"Kada ka motsa. Torika ta kawo shi kusa."

"Wa ya ɗauko?"

"Goshin Peniasi ne, da haɓarsa. Har yadda yake ɓata rai in an tashe shi."

Nemani ya ja hanci.

"Kuka kake yi?"

"Hayaƙin murhunki ne. Ko wuta ba ki iya hurawa ba."

"Ban hura wuta ba yau, tun jiya na yi girki." Ta matsa kusa da kwamfutar. "Wayyo Allah, an cire masa hula. Tavale, an jarrabe mu. Sumar a tsaye take cak, irin taka."

"Yawwa! Yaro ya yi sa'a. A gaya wa Torika kada a aske, ƙauyen nan zai buƙaci magaji."

Dariyar da ya yi ta girgiza wayar, hoton ya yi rawa, Torika tana ɗaga hannu tana tambaya wa yake riƙe da waya haka da kyau yau. Ulamila ta ce mata wani turke ne aka kafa a ƙofar gida, tsoho ne amma bai ruɓe ba tukuna.

Da aka gama, ya sake durƙusawa. Ta ce tulou, ta zare wayar, ta goge man kwakwar da bakin zanenta, ta jefa a aljihunta.

"Ke, wayata!"

"Tawa dai. Abin tavale na tavale ne, in na gani ina so na ɗauka. Kai ka tafi da tukunyata ta ƙarfe bara, na yi magana?"

"Riƙe. Me za ta yi miki? Ba ta aiki sai da kaina."

"Na sani. Torika ta ce duk Lahadi za ta riƙa kira in ga yaron."

Ya buɗe baki zai yi magana, ta riga ta shige. Ta buɗe akwatin da take ajiye Littafi Mai Tsarki, ta fito da wani dogon mataji na itace wanda ya yi baƙi don tsufa, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Ungo. Akwai rami a tsakiyar kanka, kaza za ta iya yin ƙwai a ciki. Gyara kafin ka shiga mutane."

Nemani ya juya matajin a hannunsa. Ya san shi. Shekara da shekaru yana ganinsa a soke a sumar Peniasi. Ya daɗe yana dubansa, sannan ya soka shi a ramin da wayar ta bari, ya fashe da dariya har da buga cinya.

"Kin ci, tsohuwa. Lahadi mai zuwa da wane lokaci?"

"Ana tashi daga coci. Ka zo da kan, kuma ka rage man. Santsi yake sa ta."