Ranar da Burauzata Ta Hana Ruwa Sauka a Hunkuyi

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da walimar auren Hadiza 'yar yayana ba. Kafin wannan rana, duk faɗin Hunkuyi, kai har ka dangana da Ikara, babu mahalukin da ya kai ni sanin waya. (Ni na faɗa da bakina, kuma babu wanda ya taɓa musawa a gabana.) Malamin firamare ne ni, amma da an tashi makaranta sai in rikiɗe in zama likitan wayoyi.

Fannin da na fi ƙwarewa shi ne burauza, wato manhajar da ake bi a shiga intanet. Na gwada su ɗaya bayan ɗaya yadda mai sayen masara yake cusa hannu cikin buhu. Akwai babbar nan da take zuwa tare da waya, mai nauyin jiki, mai cin data kamar an saki awaki a gonar wake. Akwai wata mai alfahari da ɓoye sirri (ni da duk unguwa ta san abin da na ci da safe, wane sirri za ta ɓoye min?). Sai kuma tawa, 'yar ƙarama, mara nauyi, mai tattali. Ita na riƙa, kuma na ɗaura ɗamarar sai kowa ya koma kanta.

Kullum da yamma a majalisarmu sai na yi huɗuba. “Kasuwar burauza kamar kasuwar hatsinmu ce,” in ji ni. “Babbar nan dillaliya ce da ta kafa rumfa a bakin ƙofa. Kowa ya shigo sai ya faɗa hannunta, ba don mudunta ya fi na kowa cika ba. Amma talaka zai farga. Nan gaba kaɗan ƙananan za su kore ta, ku rubuta ku ajiye.”

Mutum ɗaya ne ya ƙi tuba: Garba, ɗan gwaggona, taubashina, mai sayar da taki. Sai ya miƙe ƙafa ya ce, “Bawana, ni wadda na tarar a wayar da ita nake aiki. Ba ta taɓa zagina ba.”

“Irinku ne kuka ɗaure mata gindi,” in ce masa.

To, sai auren Hadiza ya faɗo tsakiyar damina. Da safiyar ranar, Yaya Sule, uban amarya, ya kira ni da Garba, hankalinsa a tashe. Dangin ango za su zo daga Gazara, manyan mutane, har da malamai, kuma wannan ce 'yarsa ta fari, ba ya son a ji kunya. Wuri biyu ne gare mu: filin ƙofar gida mai iska, ko siton hatsin maƙwabcinsa da babu kaya a ciki, mai zafi da warin maganin ƙwari. Ga kuma ɗan hadari yana leƙowa daga gabas.

“A share siton kawai,” in ji Garba.

Na ce ina, a wannan zamanin ba a yanke hukunci da ka. Mu duba hasashen yanayi, kuma a yi ta ta ƙare yau: tawa da tasa, a ga wadda za ta riga kawo labari. Muka hau tudun bayan masallaci inda sabis yake kamawa, Yaya ya zama alƙali.

Wallahi kafin in ɗaga yatsana shafin ya buɗe. Ga hoton rana ƙatuwa, jawur, ko ɗigon gajimare babu. Ta Garba kuwa tana ta juyi kamar jakin da ya ɓata hanya. Can da ta ga dama ta buɗe, sai ga hoton baƙin hadari da ruwa yana zuba.

Yaya ya dubi wannan, ya dubi waccan. “To wa zan bi?”

“Yaya,” na ce, “mai nawa ai kafin ta iso labarinta ya tsufa. Ruwan jiya take faɗa maka. Tawa ce ta zo da ɗuminsa.”

“Ka tabbata?”

“In aka yi ruwa yau, a tuɓe min hula a tsakiyar kasuwa.”

Ban tsaya nan ba. Na ƙara karantawa na ga an ce za a yi matsanancin zafi, sai na sa aka sayo mafitai aka raba wa baƙi, aka ƙaro ƙanƙara a zoɓo. (Zafi mai tsanani a tsakiyar damina. Wani mai hankali da ya tsaya ya yi tunani. Ni ina can ina murnar na kayar da Garba.)

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi da dardumai. Mutanen Gazara suka iso cikin shaddoji masu sitaci, suna ta ƙamshi. Aka jera farantan masa da miyar taushe, ga shinkafa, ga zabi. Ni ne mai riƙe da lasifika, domin wa kuma za a ba?

Sai iska ta canza. Gabas ta yi baƙi ƙirin, kaji suka fara neman maɓoya. Na ga wasu dattawa suna laluben takalmansu. A nan ne fa ya kamata in yi shiru, amma sai na gyara murya.

“Jama'a kowa ya zauna. Wannan hadarin ba namu ba ne, na Makarfi ne, wucewa zai yi. Ga shi nan a waya.” Har ɗaga ta na yi sama, don na baya su shaida.

Liman ya ɗaga hannu ya fara addu'a. Bai kai ga sunan ango ba ɗigon farko ya sauka a kan hancina. Abin da ya biyo baya ba ruwa ba ne, kogi ne aka kifar. Masa ta hau iyo a cikin miya. Zabi suka koma kamar za su farfaɗo. Manyan Gazara suka ɗora mafitaina a ka suna gudu, rigunansu sun manne a jiki, kuma ina aka nufa? Siton nan da na hana a share.

A ciki, muna tsaye muna ɗiga, ana ta atishawa saboda ƙura, Garba ya zare wayar daga hannuna a gaban kawun ango. Ya ɗan latsa, ya ƙura ido, sannan ya ɗago a hankali.

“Bawana, datarka a kashe take.”

Ni na kashe ta da hannuna, don tattali, na manta. Ita kuma burauzar tawa, saboda tsabar tattalinta, takan ajiye shafin da ka taɓa buɗewa. Abin da ta nuna mana hasashen wata rana ce tun cikin bazara, da na duba lokacin da zafi ya ishe ni. Ba ta je ko'ina ba, shi ya sa ta riga kowa dawowa.

Kawun ango, mutumin kirki, ya matse hularsa ya ce ruwa albarka ne, auren zai yi danshi. Yaya Sule kuwa kallona kawai ya yi, kallon da har yau in na tuna sai in nemi wurin zama.

Kada ku ɗauka na sauka daga ra'ayina. Har gobe ina nan a kan cewa ƙananan za su ci kasuwa, sai dai yanzu a hankali nake faɗa, kuma ba a lasifika ba. Na kuma koyi cewa in ɗan aike ya dawo da sauri fiye da kima, a fara tambayarsa ko ya fita ƙofar gida.

Bayan an watse da 'yan kwanaki na shiga gaida Yaya, na tarar da matarsa, Hajiya Asabe, ta baza kuɓewa a tsakar gida tana shanya. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa ba tare da ta ɗago ba, sannan ta ce:

“Maigida ƙarami, don Allah duk ranar da wayarka ta ce ba za a yi ruwa ba, ka aiko da wuri in kwashe shanyata.”