Allurar Man Jar Motata Ta Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ƙyamar da har yanzu ba ta sake ni ba, nake sanar da 'yan uwa da abokan aiki da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa wuce ni a bakin titi ina tura mota ya yi dariya, rasuwar allurar man motata. Ta cika ranar Laraba da hantsi, a garejin wani mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota, da ke bayan kasuwar kayan gini, bayan doguwar jinya a kan ciwon da ba nata ba.

Marigayiya ta zo hannuna tare da motar: ja, mai ƙofa biyu da kujera biyu, irin ta tsere, wadda cikinta ke kusan shafar ƙasa. Tsohuwar mota ce, amma da gumina na saye ta, shekarar da na gama karatun lantarki na kama aiki a kamfanin gyaran na'urorin asibiti. Ranar da na shigo da ita gida, Yayana ya zagaya ta yana taɓe baki.

"Injiniya," ya ce, don haka yake kirana in yana son ɓata mini rai, "kujera biyu kacal? To ina za ki sa Mama?"

Na ce, "Yaya, Mama ba ta ce maka za ta unguwa ba."

Tun daga ranar bai daina kushe motar ba, bai kuma daina leƙa cikinta ba.

Duk wanda ya san marigayiya zai shaide ta da kamun kai. Siririya ce, fara, tana zaune a bayan sitiyari ba ta shiga sabgar kowa. In na murɗa makulli da safe sai ta miƙe a hankali ta tsaya inda gaskiya take. Ba ta taɓa yi mini daɗin baki ba. In mai ya yi ƙasa sai ta kunna 'yar fitilarta mai ruwan ɗorawa ta ce "ɗin-ɗin", shi ke nan, ba ta ƙarawa. Har abin da ban tambaye ta ba takan faɗa mini. Akwai safiyoyin da nake tarar da ita ƙasa da inda na bar ta jiya. Na kai ƙorafi wajen cin abinci, Yaya ya ce ai motocin tsere ko a tsaye suke shan mai suke yi. Baba ya gyaɗa kai. Na ce a iya karatuna ban taɓa jin inji a kashe yana sha ba. Yaya ya ce, "To sai ki koma makarantar su ƙarasa miki."

Ciwon ajalinta ya fara da rawar jiki. In na taka burki sai ta zabura. In na sha kwana hagu ta haye sama, in na sha dama ta faɗi ƙasa. Wata rana ina fitowa daga gidan mai, tanki cike har baki, ta ce "ɗin-ɗin". Wannan duk da sauƙi. Abin da ya fi muni shi ne ta tsaya cak a tsakiya, ta nuna mini rabin tanki, injin kuwa ya yi tari ya mutu a tsakiyar titi.

A nan zan ɗan tsaya in faɗi abin da na sha, don kada wani ya zo ta'aziyya ya ce mini bai sani ba. Na tura motar nan a gaban fitilar ba da hannu, da takalmin ofis, hannu ɗaya a sitiyari, kafaɗa a jikin ƙofa, motocin baya suna ta danna mini oda. Na bi bakin titi da jarka a hannu, wasu ƙarti da ke zaune a inuwa suna cewa, "Anti, a sayar mana da ita mana, ta fi ƙarfinki." Ruwan sama ya dake ni a kan gada har takardun aikina suka zama kunu. Na daina yarda da allurar, na koma cika tanki tun kafin ya yi nisa, amma duk da haka man yakan ƙare tun ban yi tafiyar da za ta cinye shi ba. A duk wannan ban taɓa kiran wani namiji a gidanmu ya zo ya ɗauke ni ba, ban kuma yi kuka a gaban kowa ba. Wanda ya ce ya ga hawayena a kan gada, ruwan sama ya gani.

An kai marigayiya wurin masu magani. Na farko bakaniken unguwarmu ne, wanda ake kira Buga-ta-tashi. Ko murfin gaba bai ɗaga ba. Ya ƙwanƙwasa gilashin gaban allurar da ɗan yatsa, allurar ta motsa, ya ce, "Kin gani ko, ƙanwata? Barci take yi. Ki riƙa ɗan taɓa ta." Daga ranar duk wanda ya shiga motata sai ya ƙwanƙwashi baiwar Allah kafin ya gaishe ni. Na biyu ya cire fiyus lafiyayye ya sa wani. Na ce masa a duba cikin tanki, tunda allura abin da aka aiko mata daga can take faɗa. Ya goge hannu a gaban rigarsa ya ce, "Anti, ke karatu kika yi, mu aiki muke yi. Tanki ba ya ciwo."

Labarin gada ne ya kai kunnen Baba. Ya kira ni falo, Yaya na zaune a gefe yana kallon silin.

"Auta," Baba ya ce, "ban haife ki don ki riƙa tura ƙarfe a titi ba. In motar nan ta ƙara tsaya miki, ki ba Yayanki makulli. Shi zai riƙa kai ki aiki ya ɗauko ki."

Ta ƙara tsayawa ranar Litinin. Baba ya ce ranar Asabar da safe a miƙa makulli. Kafin dare na tarar an ja kujerar direba baya, daidai tsawon ƙafar wani.

Yaya ne ya matsa a kai ta wurin abokinsa mai wayarin, wai a gyara masa ita kafin ta shiga hannunsa. Na bi su don kada a yi komai a bayan idona, sai ga shi an yi a gaban idon nawa. Mutumin ya zaro allon allurai, ya jawo waya daga batir, ya ce zai tashe ta ne. Na ce, "Malam, kada ka ba ta wuta kai tsaye, za ka ƙone ta." Ya dubi Yaya, suka yi dariya. Ya taɓa wayar. Allurar ta harba sama ta bugi ƙarshen gejin, ta ce "ƙis", wani siririn hayaƙi ya fito. Ta zame ƙasa a hankali. Ba ta ƙara tashi ba. Mai wayarin ya ce, "Dama ta gaji."

Tunda babu wanda zai binciki gawa, ni na bincika. Washegari na ɗauki hutu a wurin aiki. Na cire kan batir, na ɗaga kafet ɗin but a bayan motar, na sa mitata ta gwada wuta a kan wayar da ke fitowa daga tanki. Na jijjiga motar da gwiwa, lambobin suka riƙa tsalle kamar yadda marigayiya take yi. Ashe ba ita ke hauka ba, abin da ake aiko mata ke nan. Na kwance murfin tankin, na zaro siririn ƙarfen nan mai ƙwallo a baki, wanda ke iyo a kan mai yana gaya wa allura inda man ya kai.

Safa ce a nannaɗe da shi.

Safar namiji, ta ƙafa, ƙatuwa. Ta kumbura ta yi yauƙi, baƙa mai ratsin rawaya, da huda a wajen babban yatsa, bakinta ɗaure da guntuwar waya. Tana ɗiga. Warin mai bai iya kashe warinta na asali ba. Wannan abin ne ya yi watanni yana lilo a cikin motata, in ya ja ƙwallon ƙasa a ce allura maƙaryaciya ce, in ya maƙale shi a tsakiya a ce ban iya tuƙi ba.

Ban sha wahalar neman mai ita ba. Na zagaya bayan gida inda janareto yake. A bayansa akwai tiyon zuƙo mai daga tanki a naɗe, bakinsa ɗaure da wata safar, sabuwa.

Na ɗora ta cikin tanki a kan murfin bokiti na kai falo, na ajiye a gaban Baba. Mama ta leƙo, ta toshe hanci, ta koma ɗaki. Tana da wata leda da take tara safa marasa 'yan uwa, ko Allah zai sa su dawo. Ta fito da baƙa mai ratsin rawaya ta shimfiɗa a gefe.

"Ikon Allah," ta ce wa Yaya. "Har ƙarƙashin gadonka na share ina neman 'yar uwarta."

Yaya ya ce, "Ai don kada datti ya shiga janareto nake ɗaurawa. Kuma in an ɗauke wuta, ita Injiniyar ba ta cajin waya ne?"

Baba ya ce, "Ba wannan nake son ji ba. Ka san ta faɗa ciki?"

Yaya ya koma kallon silin.

"Ka sani, kana ji tana tura mota a ruwan sama?"

Makullin yana kan tebur, yana jiran Asabar. Baba ya sa ɗan yatsa ɗaya ya turo shi gabana, ya ce a fitar masa da wannan ƙazantar daga falo.

Marigayiya ta rasu ta bar babbar yayarta allurar gudu, da ƙanwarta allurar zafin inji, da 'yar fitila mai ruwan ɗorawa wadda tun ranar Laraba ba ta ce uffan ba. Ta bar ƙwallon tanki, wanda aka wanke da sabulu kuma yana samun sauƙi. Ta bar jarka, wadda ta yi mana hidima a lokacin jinya, yanzu za ta huta. Ta bar ni, wadda aka ƙaryata tare da ita. Abin da ke ci mini rai shi ne ni ma na ƙwanƙwashe ta, ba sau ɗaya ba.

Za a binne ta ranar Asabar da safe, daidai lokacin da aka sa don miƙa makulli, a bayan gida kusa da janareto. Yaya ne zai haƙa ramin, bisa umarnin Baba. Ba za a binne ta da safar ba, ta sha warinta ya isa. Mama ta haɗa biyun ta ajiye wa mai su a kan filonsa. Ba a gayyaci Buga-ta-tashi da mai wayarin ba. Masu zuwa gaisuwa su zo da mansu, don murfin tankina yanzu da makulli yake. Ana roƙon kada kowa ya taɓa gilashi.

Da an rufe rami zan tafi kasuwar kayan mota neman wadda za ta gaje ta. Kada kowa ya tsaya jiran a rage masa hanya. Kujera biyu ce: ɗaya tawa, na mayar da ita daidai tsawon ƙafata. Ɗayar kuwa Mama ta ce za ta unguwa.