Lodin Gembu a Garejin Croydon

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na tara manyan mutane a Croydon don su ga gwanintata, suka fara da ganin wautata. Wautar kuma tawa ce ni kaɗai, ban raba da kowa ba. Gara in faɗa da bakina, don in Baba Issaka ya riga ni ba ku labarin, sai gishirin ya fi miyar yawa.

Ni dai boko ban yi ba. Aji uku na leƙa, malamin lissafi ya zane ni, na ce masa sai an jima, har yau ban koma ba. Makarantata ita ce hanyar Gembu, hawan dutsen Mambila. Can na yi karen mota, can na zama direba, a tsofaffin jif ɗin nan masu fowil, masu ja da taya huɗu, da ake loda wa mutum da buhu da akuya har gindinsu ya kusa shafar ƙasa. Daga baya wani maigidana ya zo da ni London in riƙa tuƙa iyalinsa. Ya gama aikinsa ya koma gida, ni na maƙale, na yi ta jan tasi har sanƙo ya cinye kaina. Duk tsawon zaman nan ina tuƙi a garin da babu tudun da zai sa mota ta yi nishi. Abin yana cina a rai.

Da na ajiye tasi, sai zaman banza ya haɗa ni da waya. A ciki na ga Turawa suna hawa duwatsu da wasu motoci masu dogayen ƙafafu, a hankali kamar hawainiya, taya ɗaya a sama, suna ta ihu. Na ce yau ga ikon Allah, abin da muke yi don neman tuwo shi waɗannan suka mayar wasa. Ban yi wata-wata ba na nemo wata tsohuwar jif a wata gona bayan gari, irin wadda na koyi tuƙi da ita sak. Kaji ne ke kwana a ciki. Taya duk sun zube, bodi ya ci tsatsa, amma shasin yana nan garau. Aka jawo mini ita zuwa wani gareji da na kama haya a layin garejojin council, wato hukumar unguwa, muka tura ta ciki kamar gawa, muka sauke babbar ƙofa.

Uwargidana Hajiya Talatu ta zo ta leƙa sau ɗaya. Ta dubi motar, ta dube ni, ta ce, "Alhaji, wannan akurkin ka saya? To ka ji, ƙafata ba za ta taɓa taka cikinsa ba. Ranar da 'yan gwangwan suka zo ɗauka, ni zan ba su ruwa su sha." (Ku riƙe maganar nan, za mu dawo kanta.)

Baba Issaka shi ne abokin aikina. Mutumin zangon Kumasi ne, mai walda, tare muke shan shayi tun muna da haƙora. Hausarsa ba ta san mace ba, komai namiji ne a bakinsa, har matarsa. Mu biyu muka kwance motar nan ƙusa-ƙusa. Muka sa mata aksil na wata babbar mota, muka sa dogayen sifirin, muka nemo tayoyi masu kaushi, kowace ta kai mini ƙugu. Injin na sauke shi na wanke da hannuna, na yi wa giya dabarar da za ta riƙa tafiya kamar mai sanɗa. Muka cire rufin, Issaka ya ƙera mata keji na bututun ƙarfe, don ko ta kife kan mutum ya tsira. A baya na bar bencina biyu masu fuskantar juna, irin na da. Na raɗa mata suna Rema, dabbar nan da dutse ne gidanta, na rubuta a goshinta da jan fenti. Rubutun ya ɗan karkace, amma ana karantawa.

Ana cikin aiki Issaka ya ja baya ya ɗaga kai ya ce, "Alaji, mota nan ya yi tsawo fa. Ɗauki tef ka gwada."

Na ce, "Tef na masu takarda ne. Ni da hannun nan na auna gadoji a Mambila, ban taɓa faɗawa rafi ba."

Na kuwa auna. Na hau tsani na bi bango taƙi-taƙi daga ƙasa har rufi, na bi Rema taƙi-taƙi daga taya har kan keji, na ga akwai sarari har da ragi. Awona daidai yake, ko yau a sake. Abin da ban yi ba shi ne in juya in kalli ƙofa. Tun ranar da muka tura gawar ciki ba mu ƙara ɗaga babbar ƙofar ba, ta ƙaramar gefe muke shige da fice, saboda sanyi da idon maƙwabta. Lintar ƙofa kuwa, kankaren nan da ke gicciye a kanta, ta sauko ƙasa da rufi sosai. Kowane jariri ya san haka. Ni ban sani ba.

Bakina kuma bai zauna ba. Duk Juma'a a masallacin Regent's Park, kafin mutum ya gama ɗaura takalmi na tare shi da labarin Rema. Har aka fara canza mini ƙofar fita.

Sai council ta ce za ta rushe layin garejojin ta gina gidajen bene. Kowa ya kwashe kayansa kafin Litinin, abin da aka tarar a ciki kuwa 'yan gwangwan ne za su yanka su tafi da shi. Maimakon in tsorata, sai na mayar da abin biki. Na kama hayar tirelar da za ta ɗauki Rema ranar Asabar, na gayyaci jama'a walima. Hajiya ta yi masa da miyar taushe, ba don motar ba, don kada a ce gidanta an zo an tashi da yunwa.

Jama'a suka zo. Limamin unguwarmu ya zo, ga Dakta Lawal, likita a babban asibitin Camberwell, mutum mai jiki masha Allah, ga 'yan zango abokan Issaka, ga ɗalibai masu bin ƙanshin masa. Na ci babbar riga, na kafa hula. Liman ya yi addu'a aka shafa. Issaka ya ɗaga ƙofa. Da haske ya faɗa kan Rema sai na ji "Kai! Kai! Kai!" ta ko'ina, kaina ya ƙara girma. Na taka kujera na haye, na murza makulli, injin ya ɗauka bugu ɗaya. Na ɗaga wa jama'a hannu kamar ɗan takara. Na saki kuloci.

Ƙwam!

Gareji ya girgiza, ƙura ta zubo, hulata ta yi tsalle ta faɗa gaban tayar. Ƙirjina ya bugi sitiyari, hon ya yi wani kuka kamar jaki. Na ɗaga kai, ga kejin Issaka ya rungumi linta, taƙi guda cur ya fi ƙofa tsawo.

Wurin ya yi tsit. Irin shirun nan da za ka ji mutum yana haɗiye dariya tana yi masa ciwo. Wayoyi duk a sama, ana ɗauka. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi, amma kafaɗunsa suna rawa. Sai muryar Issaka: "Alaji, hannu nan da ka auna gada da shi, yau ya tafi hutu ne?"

Nan kowa ya fashe. Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige, amma ko ƙasar ma ta yi mini nisa, sai da aka miƙo mini kujera na sauko.

Dariya dai ta ƙare, matsala tana nan. Mai tirela yana ta duban agogo. Wani ya ce a fasa lintar, ai jibi za a rushe. Dakta ya ce kul, a ƙasar nan ko bangon da za a rushe gobe ka taɓa yau, sai ka yi bayani a gaban hukuma. Issaka ya jawo injin yanka ya ce a fille kejin. Na tare shi da ƙirjina. In an yanke kejin ba za a bar ta ta hau dutse ba, kuma babu lokacin ƙera wani. Muka sace iskar tayoyi har suka yi laushi kamar gurasa. Rema ta sauko, amma saura kamar yatsa uku. Na tsaya ina kallon yatsa ukun nan, ina hango 'yan gwangwan suna shan ruwan Hajiya.

Ita kuwa tana zaune kan kujerar roba a bakin kula, tana zuba wa ɗalibai miya. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Ikon Allah. Mutumin da ya ishe mu da labarin yana loda jif a Gembu har ta durƙusa, yau ga jif ta ƙi durƙusa masa."

Gatse ta yi. Ni kuwa sai na ji kamar an kunna fitila a kaina. Na tuɓe babbar riga na jefa wa Issaka, na daki bodin mota da tafin hannu, na buɗe murya irin wadda rabona da ita tun ina saurayi a tasha: "Gembu! Gembu! A shigo, a matsa! Gembu ba tsayawa!"

Da farko sun ɗauka na zare. Da na yi bayani, sai rigima ta koma wa zai hau, don lodin nan ba na kowa ba ne, nauyi nake nema. Ka san wahalar gaya wa babban mutum cewa ƙibarsa ake so? Na je gaban Dakta na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, gidan gaba na manya ne." Ya ce, "Alhaji, faɗi gaskiya, tumbina kake wa kirari." Ya hau, sifirin ya ce ƙiii. Ɗaliban nan 'yan sirara na kore su, na ce ku ko awaki ba ku kai ba. Na zaɓo ƙarti daga 'yan zango na jera su a benci, gwiwa na gugar gwiwa. Liman ya nannaɗe rawani ya hau da bismillah. Na ce a ɗora buhunan yashi da wani tsohon inji da ke kusurwa a tsakiyarsu. Mai tirela, Bature, ya daina duban agogo ya fito da tasa wayar.

Issaka ya hau tsani ya leƙa ya ce, "Saura kaɗan! Kamar kaurin masa ɗaya!"

Na duba, duk mai nauyi ya hau. Saura mutum ɗaya mai jiki a filin nan, tana riƙe da ludayi.

Na je na durƙusa a gabanta, a gaban jama'a, gwiwa biyu. Na ce, "Hajiya, saura mutum ɗaya mota ta tashi."

Ta ce, "Na rantse ƙafata ba za ta taka ba."

Liman daga kan benci ya ce, "Hajiya, ba ki ce wallahi ba, ina da labari. Babu kaffara."

Ta harare ni. Sannan ta ajiye ludayi, ta gyara mayafi, ta ce a kawo kujera. Aka matsa mata a ƙarshen benci, daidai kan tayar baya. Da ta zauna, Rema ta yi wata ajiyar zuciya ta durƙusa kamar raƙumi. Na haye, na ce kowa ya sunkuya, na sa giyar sanɗa. Muka taho a hankali, a hankali, keji yana shafar linta yana kankare fenti, ƙiiiii, har muka fito fili. Kabbara ta tashi, 'yan zango suna buga bodi, Dakta ya rungume ni har na kusa shiɗewa. Maƙwabta suka buɗe tagogi suna tafi, ba su ma san me ake yi ba.

Bayan 'yan makonni muka kai Rema wani tsohon wurin fasa dutse a bayan gari, inda masu irin wannan wasa ke taruwa. Samarin Turawa suka ga tsoho da kaftani da hula, suka yi ta murmushi. Abin da na fara gani shi ne kowa ya tsuguna yana sace iskar tayarsa, wai don ta kama dutse. Na ce wa Issaka, "Ka gani? Dabarata har ta iso nan." Akwai wani hawa mai tsaye da ya mayar da motoci da dama baya. Na yi bismillah, na saki totur, na bar Rema ta bi da kanta, taya ɗaya a sama, ni ina jin dutsen ta cikin kujera kamar yadda nake jin Mambila. Ba ta ko yi tari ba sai ga mu a ƙoli. Na tsaya a can sama na gyara hula, na kalli ƙasa na ga masu murmushin nan suna ihu suna ɗaga hannu. Hawaye ya zo mini, na ce iska ce.

Darasin da na koya ba mai yawa ba ne. Kafin ka auna abin da kake ginawa, auna ƙofar da zai fita. Yanzu har tef gare ni, Issaka ne ya saya mini, ya rataye mini a wuya a gaban mutane. Ina amfani da shi wajen sosa baya.

Ranar da muka dawo daga dutsen, Hajiya ta kawo tuwo ta zauna ta zuba nata, malmala biyu kamar kullum. Bakina da bai san gyara ba ya buɗe zai yi tsokanar da ya saba. Ta ɗaga hannu tun kafin in furta.

"Tun da muka zo ƙasar nan kake cewa in rage tuwo. Da na ji maganarka, Alhaji, da yanzu Remarka ta zama tukwane."

Na ja kwanona na ci gaba da ci.