Latifu Ya Tafi Kandi Hawan Jirgi

Ranar Alhamis Latifu, mai gyaran babura a Malanville, ya yi sallama da unguwa kaf. 'Yarsa Mansura ta haihu a Kwatano, ya ce a jirgin sama zai je suna, daga Kandi zai tashi. Har tasha abokai suka raka shi, yana ta baza babbar riga. Washegari da hantsi taubashiyarsa Balkissa, mai sayar da albasa a babbar kasuwa, ta zagaya bayan rumfarta, sai ga shi tsugune tsakanin buhuna da akwati a gabansa.

"...Lahiya lau, gajiya da sauƙi. Balkissa, don Allah rage murya."

"In rage murya? Bawan gidanmu ya sabko daga sama! Ƙaƙa Kwatano? Ko ta taga sunka tunkuɗo ka, kah hwaɗo bisa albasata?"

"Ke dai ba ki da mutunci tun kina goye."

"Ni ag goye, amma kai ka rarrahe yanzu. Ina jirgin?"

Latifu ya sunkuyar da kai yana murza bakin hularsa.

"Babu jirgi."

"Ya lalace? Ai da ka ɗauko sufana ka duba mishi buji."

"Babu shi sam, nic ce miki! A radiyo nij ji ana zancen hilayen jirgi, wai gwamnati na kasa su aji-aji, kowane da rabonai daga asusun ƙasa. Da kunnena nij ji an ambaci Kandi."

"Sai ka ɗauki akwati."

"Sai nid ɗauki akwati. Mai babur ɗin da yak kai ni har tambayata yay yi, 'Alhaji, ka tabbata?' Nic ce mishi shi tuƙa abinai, ba a gardama da manya. Munka isa, hili hetal, jar ƙasa, sai wani tsoho mai gadi yana shan shayi."

"Ka nuna mishi rigar?"

"Ya gani. Yaz zuba min shayi, yab bi da ni sannu kamar marar lahiya. Wai akwai babban hili irin na Kwatano, inda jiragen ƙasashen waje ka sabka, shi ka cin kaso mai tsoka. Akwai na tsakiya. Sannan akwai irin nasu, na can ƙasa, sai in babban mutum ya zo ko an ɗauko majinyaci. Yac ce ko an ambace su a radiyo, ba hwasinja aka nuhi ba."

"Ashe hili ma ya san ajinai, kai kaɗai ab ba ka san naka ba. In gwamnati ta kasa maza aji-aji, kai ko shinge ba a yi ma."

"Ke kuma a sa ki ajin da jirgi ka toshe hanci in ya bi ta kai."

"Warin albasan nan ka sha tun asuba, ba ka mutu ba."

Latifu ya matso kusa da ita, ya ce, murya ƙasa-ƙasa:

"Balkissa, suna jibi ne. Na gaya ma Mansura ta turo mijinta hilin jirgi shi tarbe ni. Ga limaminmu ya yi min addu'ar tahiya gaban jama'a. In nib bi ta tasha, kahin azahar gari ya ɗauka. Da wane ido zan dubi yaran garejina?"

Balkissa ta leƙa hanya, ta ja wani buhu ta ƙara kare shi.

"Ahijo direba na lodin babbar motatai yanzu, Kwatano za shi. Ka shiga gaba, ka kwanta har ku wuce shingen 'yan duwan, masu binciken kaya. Surukinka ka kira shi ka ce tasha za shi zo. Rigar ga kuma tuɓe ta, ana hango ta tun daga gada."

"Yau ke ka rufa min asiri? Mi kika so? Ban da ko goro."

"Ba don kai ba ne, shashasha."

"Don wa?"

Ta juya tana gyara ɗaurin buhun da ba abin da ya same shi.

"Jiya da la'asar wani jirgi ya wuce can sama, ɗan ƙiris, ya nuhi Yamai."

"To?"

"To na hito tsakar kasuwa na tara matan layinmu, nic ce ga ɗan'uwana nan. Na yi guɗa. Har mayahina nic cire ina kaɗa ma."

Latifu ya dube ta, ya cusa hula a baki don kada a ji dariyarsa, kafaɗunsa na rawa, hawaye na zuba.

"Yamai, Balkissa? Kwatano na kudu!"

"Rufe min baki, tashi ka shiga mota. In ka dawo kuma, wallahi ka ce ka gane ni daga sama."